Juwairiyya, Mai Bin Wanzamai da Sirinji

Kafin masu kayan miya su gama baza tumatir, Malama Juwairiyya ta riga ta sauka a Hayin Banki da 'yar kular ƙanƙararta. Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibiti a Unguwar Dosa, kuma a watan nan za ta ajiye aiki. Jinin waɗanda aka yi wa rigakafin ciwon hanta take dubawa, ta ga ko jikinsu ya samar da garkuwa, domin ba kowane jiki ne ke amsa allurar ba.

Wanzamai ta fi matsa wa lamba, tunda kullum hannunsu na cikin jinin mutane. A cikinsu babu wanda ya ba ta wuya irin Baba Sanda. Mutum ya tsufa yana kafa wa jama'a ƙaho, amma da ya ga sirinji sai gumi ya karyo masa.

"Hajiya, allura uku fa aka yi mini. Jinin nawa kuma na mene ne?"

"Baba, so nake in ga ko ta kama."

Da ƙyar ya miƙa hannu. Sakamako ya nuna ba shi da ciwon, amma garkuwa ko ɗis babu. Ta ce sai an sake allurar daga farko. Ya yi fushi, har ya koma laɓewa a shagon tela idan ya hango ta. Ita kuwa sai ta zauna a bencinsa cikin masu jiran aski, ta ce ita ma layi take bi. Haka ta yi ta sintiri har aka kammala, ta sake ɗibar jinin, garkuwa ta fito.

Bara aska ta suɓuce ta yanke shi a yatsa yana tsaka da yi wa wani ƙaho. Daga baya aka gano mutumin na ɗauke da ciwon. An gwada Baba Sanda, lafiyarsa ƙalau. Ni na gan shi a ƙofar asibitin yana share hawaye da hula.

Ke ce mai nacin da ba ta jin kunyar kora, Juwairiyya. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku da za ku gaje ta, idan tsoho ya kore ku yau, ku koma masa gobe.