Sista Lami da Ɗakin da Ba a Buɗe Mata Ba

"Kafin ruwan sama ya sauka, makullin ɗakin nan yana hannun Sista Lami." Alhaji Babandi, shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Akurba, shi ya faɗi haka da lasifika a hannunsa, ranar taron ƙarshen shekarar 2022. Damina biyu ta zo ta wuce, ta uku ta kama. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Lami, wadda duk garin Lafiya ya sani da Sista Lami, tana da shekara sittin da takwas, ba ta taɓa riƙe makullin ba. Na Allah muke tun farko, kuma wurinsa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya.

Zan dawo kan Alhaji. Bari in fara da ke, Sista, domin ke ce kike da haƙƙi a kaina.

A shekarar 2011 aka yi mini aiki aka ciro 'yata ta uku. Kwana huɗu aka sallame ni, na tarar mahaifiyata ta iso daga Adogi da tukunyarta da ɗaurin ganyen darbejiya. Duk 'ya'yanta mata ita ta yi musu wankan jego, kwana arba'in safe da yamma, ruwa yana tafasa, a tsoma ganye a daddaka wa mai jego, musamman a ciki, don kada sanyi ya shiga. A asibiti an gaya mini kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. Na ji, kuma na gane, ni da nake koyarwa a sakandare. Amma na kasa buɗe baki in hana uwata. Akwai kuma maganar da na tsinta daga bakin masu zuwa barka, wai wasu matan ba su iya haihuwa ba sai an yanka su. Na so in nuna ni ma mace ce kamar kowa, sai na zauna a kan turmi na cije haƙora.

Kafin ranar suna ɗinkin ya yi ja ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, wani ruwa mai wari ya fara jiƙa mini zane. Na ɗaura zane biyu, na cika ɗaki da turaren wuta. Mata sun fi hamsin da suka shiga suka fita suna yaba kyan jaririya. Ke kin shigo ne a matsayin maƙwabciya. Kika karɓi yarinyar, kika kalli yadda nake dafa bango kafin in zauna, kika ce turaren nan ya yi yawa, Malama. Kika fitar da mata da dabara, wai za ki taya ni sauya kaya. Da kika ɗaga zanen ba ki yi mini faɗa ba.

"Wannan ba aikin gida ba ne," kika ce. "Ɗauko mayafinki."

Ta ƙofar baya kika fita da ni ana tsakiyar rabon tuwo. Likita ya warware ɗinki uku, ya matse mugunya, ya ce za a bar ciwon a buɗe ya warke daga ciki. Kwana takwas na yi a kwance ana yi mini allura. Da na dawo gida, mako shida kina zuwa kowace safiya kafin ki tafi aiki. Ki dafa almakashi, ki wanke hannu har gwiwa, ki sa safar hannu, ki zare audugar jiya ki cusa sabuwa, ina cizon gefen matashi kina ba ni labaran ɗakin haihuwa, rabinsu na tabbata ƙirƙirarsu kike yi. Mako uku na ƙi kallon wurin. Ran nan kika miƙo mini madubi kika ce sai na duba, jan naman nan da nake tsoro shi ne mai rai, shi ke hawowa ya cike ramin. Daga ranar na daina tunanin wa zai riƙe mini 'ya'ya.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda kika yi da mahaifiyata. Kunya ta kama ta, ta ɗaure kayanta za ta koma Adogi, ni kuma bakina cike yake da maganganun da zan gaya mata. Kika riga ni. Kika je kika tsuguna kusa da ita a bakin murhu, kika yaba mata 'ya'ya bakwai da ta yi wa jego lafiya, sannan kika ce:

"Inna, baya naki ne, ƙafafu naki ne. Cikin nan ki ba ni aro, in ya haɗe in mayar miki."

Wanka ya ci gaba, da ruwan da hannu zai iya jurewa, ba a kusantar ɗinki. Inna ta cika arba'in ɗinta, ta tafi da mutuncinta, har ta rasu tana aiko miki da daddawa.

Bayan shekara biyu kika yi ritaya, kika ɗauki aikin da ya sa mutane dariya: nas guda mai takardu ta koma wankan jego. Na tambaye ki dalili. Kika ce tsofaffi ba sa buɗe wa mai fararen kaya ƙofar ɗakin jego, amma mai tukunya da ganye har tabarma suke shimfiɗa mata. Ta haka kika riƙa ganin cikin kowace mai jego kafin kowa ya gani. Wadda ciwonta ya fara ja, ko jikinta ya yi zafi, ki sa ta a keke ki mayar da ita asibiti, ko mijinta yana so ko ba ya so. Ba ki taɓa mayar da kanki likita ba. Idan an sallamo ta, wankin ciwon kullum ya zama naki. Mazan da suka yi miki gardama sun san kaifin harshenki, kuma ban ce kullum kina da gaskiya a yadda kike musu magana ba. A zaman makokinki na ga wani manomi, Aondofa, ya zo tun daga Agyaragu da doya a bayan mashin. Ba addininmu ɗaya ba, bai san kowa a gidan ba. Ya zauna a zaure ya ce matarsa tana gona yau saboda ke.

Da gwiwoyinki suka fara gazawa, abu ɗaya kika roƙa. Akwai ƙaramin ɗaki a jikin ofishin ƙungiya, mai taga da famfo da daɓen siminti. Kika ce a ba ki shi a sa gado ɗaya, matan su riƙa zuwa wuri guda. 'Yarki Halimat, wadda ta gaje ki a aikin jinya, da wata abokiyar aikinta sun yarda su ba da awa ɗaya kullum bayan tashi daga aiki. Alhaji Babandi ya yi alkawari, aka tafa masa. Sau huɗu na raka ki wurinsa. Yau kwamiti bai zauna ba, gobe mai makulli ya yi tafiya. Abin da ke cikin ɗakin kujerun roba ne da rumfunan biki. Na san haka domin a idona aka buɗe shi ranar Laraba aka kwaso su zuwa ƙofar gidanki, Alhaji ya zauna a kan ɗaya yana gaya wa jama'a cewa unguwa ta yi rashin uwa.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarki, gida na biyar da kika shiga shi ne na Mutmainna, yarinya mai haihuwar fari, wadda ɗinkinta ya buɗe mako biyu da suka wuce. Kika dawo a ƙafa cikin rana, kika faɗi a bakin ƙofarki. Ban ce Alhaji ya kashe ki ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san yawan tafiyar da gwiwoyin nan suka yi tun daga ranar da aka tafa masa.

Kin bar mata biyar da ciwo a buɗe. Halimat za ta iya gamawa da su cikin awa ɗaya idan suna wuri ɗaya, ba za ta iya zagaye gida biyar daga wannan ƙarshen unguwa zuwa wancan ba. Jiya na je gidan su Mutmainna na tarar kakarta ta ɗora tukunya, ganye yana gefe. Na gwada faɗa mata abin da kika faɗa wa Inna, sai ya fito mini kamar faɗa, domin ba ni da bakinki. Tsohuwar ta sauke tukunyar, amma na ga ba ta gamsu ba. Da zan fita Mutmainna ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Anti, gobe wa zai zo?" Na ce mata ni, da Halimat. Jibi ne ban sani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Muntaka da 'yarki Halimat, da jikokinki, da duk matar da ke ɗauke da tabo a ƙasan cibiya wanda hannunki ya wanke. Allah ya jiƙan ki, Sista. Ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya sa kowace safiya da kika tsuguna a gaban ciwon wata ta tsaya miki ranar hisabi. Ya ba iyalinki haƙurin da ya kai girman rashin.

Kai kuma Alhaji Babandi, ina jiran makullin nan a hannun Halimat zuwa ranar Juma'a, 23 ga wata, bayan an sauko daga masallaci. Idan la'asar ta yi ba mu gan shi ba, ranar Asabar da safe zan kwashe littattafaina daga ɗakin zaurena, a wanke shi, a sa gado, Mutmainna ta zama ta farko da za ta kwanta a kai. Zan sa a rubuta sunan Sista Lami a ƙofar. A ƙarƙashinsa kuma, da haruffan da mai wucewa a mashin zai iya karantawa, zan rubuta alkawarinka kalma da kalma, da sunanka da kwanan watan da ka yi shi.

Zuwairatu Kalilu
Akurba, Lafiya