Ƙarafunan da Kawu Ya Cire

A daminar da na yi aikin ciyawa a gonakin riɗi kusa da Basunda a ƙasar Sudan, na sayi wata 'yar ƙaramar gita mai tsirkiya huɗu a kasuwar Gallabat. Ƙirar kamfani ce, sai sheƙi take yi, an jera mata siraran ƙarafuna a wuya inda ake danna yatsa. Da na koma Gadarif rani ya kama, icen ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafunan ya fito kamar haƙoran zarto. Sau biyu suna yanka ni a yatsa.

Na kai wa kawuna. Maƙeri ne mai wasa lauje, kuma tun yana saurayi yake kaɗa gurmi. Na ce, "Kawu, ku ɗan goge mini bakinsu da magagari, shi ke nan."

Da na dawo bayan la'asar, sai na tarar da ƙarafunan duka a cikin kofin shayi. Ya zare su da awartaki, ya cike gurbinsu da garin katako da ƙaro.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gogewa na ce, ba cirewa ba!"

Ya ce da irin kiran mutanen Sudan, "Ya zol, wa ya taɓa yi wa yatsa shinge?" Ya ɗauke ta ya kaɗa, sauti ya fito tas, har maƙwabta suka leƙo.

Ni kuwa da ƙarafunan nan nake gane inda zan danna. Har yau gitar tana rataye a maƙerarsa. Shi ya samu gurmi, ni na rasa gita.