Tayar Dama ta Bubayero

Shekara talatin Gana yana faci a bakin tashar Gaya, kuma kullum cewa yake taya ba ta rufa wa direba asiri.

Ran nan Bubayero, mai jigilar gyaɗa daga Ajingi a babbar mota, ya zo yana huci. Sau biyu ana yi wa motarsa saitin ƙafa a Kano, amma tayar gaba ta dama sai cinyewa take ta gefen waje.

Gana ya auna iska, ya girgiza ƙafar, bai ga laifi ba. Ya ce, "Alhaji, mu je in ji tafiyarta."

Kafin su kai Balan, sau goma sha ɗaya Bubayero yana gangarawa gefen dama ta kaifin bakin kwalta don gaida dattijai: surukinsa, liman, har da wani tsoho da bai ma gane shi ba.

Gana ya ce, "Motarka lafiya lau. Gaisuwa ce ta cinye tayar."

"To, Baba, in wuce manya haka kawai?"

"Allah ya kiyaye! Amma don Allah ka riƙa gaida na hagu ma, tayoyin su ƙare tare."