Kibod ɗin Baba Lawal yana kan teburina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin buɗe shago da safiyar nan wayata ta yi ƙara. Hajara ce, 'yar Baba Lawal Mai Tafireta. Ta ce, "Yaya Mansir, Baba hwa ya cika, bayan sallar asuba."

Ban san lokacin da na zauna a kan bencin mai shayi ba, da mukulli a hannuna.

Mun kai shi makwancinsa a Kusada kafin azahar. Yanzu na dawo Kankiya, na shigo shago, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne kibod ɗinsa. Na kasa taɓa aikin kowa. Kunya nake ji, kuma gara in faɗa da bakina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Lawal tsohon ma'aikaci ne. Ya yi shekaru yana buga takardu a wani ofis a Kaduna, da ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noma. Shi ya koya mini taifin lokacin da na gama sakandare ina zaman kashe wando. Sai ya rufe mini hannuwa da tawul a kan tafireta. In na leƙa ya ce, "Idonka bisa takarda, Mansir. Bar yatsu su nemi hanya da kansu."

Ban taɓa zuwa zaurensa na tashi ba a kawo mini fura daga cikin gida ba.

Ranar da na buɗe shagon kwamfutar nan, shi ya fara shigowa. Ya hau acaba tun daga Kusada da ƙullin gyaɗa a hannu, ya yi addu'a, ya shafa teburin, ya koma.

Wata bakwai da suka wuce ya zo mini da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Da na kwance sai ga kibod, ƙato, mai nauyin tsiya, ya yi jaja-jaja don tsufa. Wayarsa a murɗe take irin ta tsohuwar tarho, kanta zagayayye mai ƙusoshi biyar, babu ramin da zai shiga a kwamfutar yanzu. Na irin na'urorin da ne, waɗanda allo ne kawai mai koren rubutu, ita uwar kwamfutar tana can wani ɗaki. Da ofishinsu ya yi gwanjon tsofaffin kaya, shi wannan kaɗai ya ɗauko.

Hajara ta kawo masa laftof, amma idonsa ya yi yana, ba ya ganin haruffa. Ya ce mini, "Wagga ta zamani a lafe take kamar faranti, ban sanin inda nike. Wanga kau in na danna shina amsa mani, kunnena na ji. Ka haɗa mani su."

Na ce, "Baba, me za ka rubuta haka?"

Ya ce asalin gidansu. Tun daga kakan kakansa da ya fara saran daji a wurin, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, su wa suka yi ƙaura ba su dawo ba. "Ni kaɗai na rage da na san su. In na tahi, sun tahi."

Na ce ya faɗa kawai in ɗauka a waya, in buga masa. Ya girgiza kai. "Shekara talatin ina buga maganar wasu. Wagga tawa ce, da hannuna nika son in buga ta."

Na ce an gama, Baba.

Ko tasha bai kai ba na ɗauki hoton kibod ɗin na ɗora a shafin nan, na rubuta, "Ina masu sayen gwangwan? Ga kaya ya samu." Wasunku sun yi ta dariya a ƙasan hoton. Ban ga laifinku ba, ni na fara.

Daga nan kibod ya zama abin danne takardu don kada fanka ta kwashe su.

In ya kira in ce kayan haɗin ba su iso daga Kano ba. Wallahi ko aikawa ban yi ba. In ya sake kira in ce babu wuta. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, "To, Allah shi kawo sauƙi. Gaida iyali."

Ganina da shi na ƙarshe, sati uku ke nan. Ya shigo da sanda, ya rame, ɗan acaban da ya kawo shi ne ma ya taimaka masa ya hau matakalar shagon. Muna gaisawa hannunsa yana lalube a kan teburi, har ya ji kibod ɗin a ƙarƙashin tulin takardu. Ya janyo shi, ya hure ƙurar, ya goge da hannun rigarsa. Ya jera yatsunsa ya fara dannawa, ƙas, ƙas, ƙas, ba a haɗe da komai ba, yana murmushi shi kaɗai.

Sai ya ce, "Mansir, in abin ya faskara ba komai hwa. Ba ni abina in tahi da shi. Ko bisa cinya na aza shi ina dannawa, hannuna ya samu abokin hira."

Da na ba shi a ranar, da yanzu da sauƙi. Amma girman kai ya hana ni, ga kwastomomi biyu suna ji. Na ce, "Haba Baba, ni ne fa. Ba ni sati ɗaya."

Ya ɗauke hannuwansa a hankali. Ya ce, "To. Allah shi yi maka albarka."

A ranar na aika Kano. Sai bayan kwana goma sha biyu direba ya kawo mini ɗan allon da ke fassara saƙon tsohon kibod zuwa USB, bai fi ɗan yatsa ba. Na kwance bayan kibod ɗin, na sa mitar gwada wuta na gano wayar da ke kai wuta, da ta ƙasa, da biyun da ke ɗaukar saƙo. Na liƙe huɗun da dalma, na sauko da manhajarsa daga intanet na zuba. Farko shiru, ashe na juya wayoyi biyu. Na gyara, na danna, sai ga harafi a allo.

Tsakanin azahar da la'asar na gama. Aikin da na riƙe wata bakwai ke nan.

To ga inda kunyar take, jama'a. Yau kwana tara da gamawa.

Ban kai masa ba. Na ce sai na yi bidiyo, a ɗauki fuskarsa lokacin da rubutu zai fito, in ɗora muku a nan ku ce Mansir gwani ne. Abokina mai waya mai kyakkyawar kyamara ya yi tafiya, na ce bari in jira shi. Har na sa ranar gobe Asabar. Ko kiran Baba ban yi ba in ce an gama, wai kada in ɓata abin mamakin. Kankiya zuwa Kusada ko awa ɗaya ba a yi a mashin.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga zaurensa. An share, an shimfiɗa tabarmi don masu gaisuwa, amma a kusurwa ga ɗan teburi da kujera. Laftof ɗin tana can baya an rufe ta da ƙyalle, gabanta kuma fili, daidai faɗin kibod.

Hajara ta leƙo daga ƙofar cikin gida muka gaisa. Ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Tun ran da ya dawo daga wurinka ya sa aka gyara mashi nan. Jiya da marece ma na ce bari in kira ka in yi maka faɗa, ya hana ni. Ya ce kar a matsa maka, aikin ne da wuya, Mansir ba ya wasa da amana."

Na ce Allah ya ba mu haƙuri, na sa takalmina.

Hajara, na san za ki karanta wannan. Aikin ba shi da wuya. An gama tun kwana tara. Ni na riƙe. Ki yafe mini, ki roƙar mini su Inna mahaifiyarki su yafe mini, tunda shi ba ni da halin roƙonsa kuma.

Gobe zan kawo kibod ɗin, babu kyamara. In Gwaggo, ƙanwarsa, za ta iya tuno wasu sunayen, zan zauna in buga duk abin da ta tuno. Na san ba zai kai rabin abin da ya tafi da shi ba.

Da kibod ɗinsa nake buga wannan rubutun. Haruffan layin tsakiya duk sun goge, yatsunsa sun cinye su, amma da yake shi ya koya mini ban buƙaci in duba ba. Yana amsawa, ƙas, ƙas, kamar yadda ya ce. Sunayen kakanninsa ya kamata su fara fitowa daga cikinsa, sai ga shi ban-haƙurina ne ya fara fitowa.

Ya Allah ka jiƙan Baba Lawal, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da iyayen nan nasa da ya so ya rubuta, a Aljanna Firdausi. Ka ba iyalinsa haƙuri. Kyakkyawan zaton da ya tafi da shi a kaina, ya Allah kada ka kama ni da shi.

Don Allah duk wanda ya karanta, musamman wanda ya yi dariya a hoton nan tare da ni, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni kuma ku roƙar mini gafara.