Ka Wanke Min Shi Sosai

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, ranar da na kusa kashe auren wata mata ina zaune a kan wannan kujerar, ko mijinta ban taɓa gani ba.

Ku da kuka zo shagon nan kwanan nan kun same ni gaban kwamfuta. Ba nan na fara ba. A masaƙa na yi aiki a Kakuri, sashen rini. Da aka rufe ta na yi dako, na yi gadi. Oga Sunday, mai shagon nan, shi ya zaunar da ni, ya ce wanda ya san launin yadi ba zai rasa sanin launin mutum ba. Ban yi boko ba. Rubutun da ke jikin allon ban iya karanta shi, wurin kowane abu na haddace. Na biyu daga sama shi ne kwantiras, wato tazarar da ke tsakanin baƙi da fari. Na huɗu shi ne inuwa. Ka ja shi dama, duhu ya buɗe.

Hoton yaro a waje ya fi kowane wahala. Yaro ba ya tsayawa, rana ba ta jira. Makarantu kuma ba sa yin biki sai rana ta take tsaka, sannan su ɗora wa yaro hula mai faɗi. Riga ta fito fes, fuska kuwa rami.

Wata Asabar ce, ƙarshen zangon karatu, wata makarantar nazare a Kamazou ta yaye yara. Oga ya ɗauko hotuna, ni na gyara. Ran Litinin wata mata ta zo, Maman Bulus ake kiranta, 'yar Filato, tana sayar da doya. Ta nuna ɗanta a allo.

Ta ce, "Baba, babansa soja ne, yana daji. Rabonsa da yaron tun yana rarrafe. Ka wanke min shi sosai."

A sana'armu wanke hoto shi ne fitar da shi a takarda. Amma mutanen gari sun ƙara masa ma'ana. In mace ta ce a wanke ta sosai, fari take nufi. Na wanke amare, na wanke matan zumunta, na wanke wani fasto har matarsa ta wuce shi a kalanda ba ta gane shi ba. Babu wanda ya taɓa dawo da hoto don ya yi fari.

Sai na ja inuwa har ƙarshe. Na rage kwantiras. Yaron da Allah Ya yi baƙi kamar gindin tukunya ya fito ja, hanci ya miƙe, kumatu sumul. Ta kalla, ta ce, "Ya yi kyau." Ta karɓi na takarda, na tura mata ɗaya a waya.

Bayan kwana tara ta dawo, riƙe da hannun yaron, ido a kumbure.

Ta ce, "Baba, me ka yi wa ɗana?"

Na ce, "Abin da kika ce. Na wanke shi."

"Ni takarda mai kyau nake nufi, wadda ba ta koɗewa."

Ashe ta tura wa mijin hoton. Shi kuma ya tura wa uwarsa a ƙauye. Tsohuwa ta duba ta ce kaf danginsu babu ja, amma ta ji labari akwai wani mai kemis fari kusa da gidan matar. Kofur, wato mijin, ya aiko da saƙo: kafin ya zo hutun Kirsimeti ta kwashe kayanta.

Na ce, "Ki ɗauke shi da wayarki ki tura mana."

Ta ce, "Na tura guda bakwai. Ya ce hoton waya kowa na iya rage masa haske. Na situdiyo shi ne gaskiya."

Oga Sunday ya ce in ba ta na asali, wanda ba a taɓa ba. Na buɗe. Hula, riga, da baƙin rami a tsakani. In ta tura wannan, cewa zai yi mun ɓoye fuskar.

Na zaunar da yaron kusa da allo. Na mayar da komai inda yake, na fara daga farko. Na ja inuwa kaɗan, na kalli yaron, na ƙara kaɗan, na sake kallo. Da goshin allo ya yi daidai da goshin da ke gabana, na ɗauke hannu. Na ƙara kwantiras har gefen hanci ya dawo da faɗinsa. Kunnuwa suka fito daga ƙarƙashin hula, manya, a buɗe kamar ƙofar mota. Na kai hannu zan rage su, don haka muka saba.

Ta riƙe min hannu. "Bar su. Na gidansu ne."

Na buga tambarin shago a ƙasa, babba, don Kofur ya san na situdiyo ne. Ta tura.

Kwana uku babu sabis a inda yake. Ran na huɗu ta zo ta kunna mana muryarsa. Ya ce uwarsa ta gani, ta ce kunnuwan kakansa ne, magana ta ƙare. Sannan ya ce, amma me ya sa yaron ya yi baƙi haka, ba ta shafa masa mai ne? Ya ce kuma wancan na farkon, a faɗaɗa shi a sa a firam, shi za a rataye a falo.

Na faɗaɗa. Aikina ke nan.

Tun ranar, in uwa ta ce in wanke mata yaro, nakan tambaya wa zai ga hoton. In na bango ne, ku ja yadda suke so, mutanenmu sun fi son ɗan da ba su haifa ba. In kuwa za a aika wa wanda ya daɗe bai ga yaron ba, ku bar masa inuwarsa. A cikinta kamannin uba suke zama.