Wani Balarabe Ya Ce

Jiya a kasuwar Sinja na ji wani ɗan garinmu yana yabon Larabawa, wai su suka koya mana zuba ganyen dogonyaro cikin buhun dawa saboda ƙwari. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Dabarar marigayi Baffana ce. Duk shawarar da zai bayar, sai ya fara da, "Wani Balarabe ya ce." Wata rana a bakin gona, yana kurɓar jabana, gahawa mai citta, hannunsa na warin ɗanyen ganyen, na ce, "Baffa, wane Balarabe? A gabana ka gwada!"

Ya ce, "Ɗana, in na ce ni ne, ko danginmu ba za su ɗauka ba."

Allah ya jiƙanka, Baffa. Shi Allah kam ya san mai maganar.