Jifan Biri a Birnin Kebbi

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu take sabuwar shigowa Zuru, na naɗa kaina kocin ƙanwata. Ba wanda ya roƙe ni. Ni da na tsaya a aji biyu na sakandare, ni ne na ce na san wasa.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ita ke gadin gonarmu ta kan dutse. In birai suka sauko wa dawa, dutse ɗaya take ɗauka, sai ka ji ihu a can ƙasa. Buhun gero kuwa ita kaɗai take ɗora wa kanta. Da ta kai ajin ƙarshe, malamin wasanninsu ya sa ta jifan dalma, wannan ƙwallon ƙarfen mai nauyi. Ya ce za a yi zaɓen 'yan wasan jiha a Birnin Kebbi, wadda aka ɗauka kuma tana iya samun aikin ɗamara ta nan. Mahaifinmu, tsohon soja ne, ya ce ya ji. In an ɗauke ta, to. In ba a ɗauke ta ba, ga fartanya.

Dalma ɗaya ce a makarantar, kulle a ofis. Sai na ɗauke ɗan dutsen niƙan mahaifiyarmu, muna zuwa bayan gari da yamma. Ranar farko na ga ta maƙala dutsen a wuya, ta durƙusa, ta tura shi kamar mai miƙa wa baƙo ƙwarya. Na tambaye ta wane shirme ne wannan. Ta ce haka malam ya koya musu, wai hannu ba ya barin wuya sai an tura.

Na ce, “Ke, birin da kika karya wa ƙafa, da wuya kika jefe shi? Ja hannunki baya ki yi jifa irin na gidanmu.”

Ta ce, “Yaya, malam fa ya ce doka ce.”

Na ce mata malamin da ko akuya bai taɓa kora ba, shi zai koya wa 'yar Zuru jifa? To, ba a musu da babban wa. Ta ja hannu baya ta saki, dutsen ya wuce inda yake faɗuwa da taku uku. Na auna da ƙafata, na ji kaina ya yi girma. Wata biyu muna haka, mahaifiyarmu tana zagin ɓarawon da ya hana ta niƙa.

Ranar zaɓe malamin yana kwance da zazzaɓi, ni na raka ta. A mota ma ban bar ta ta huta ba, ina ta jaddada mata kada ta ga 'yan birni ta koma turawa.

Jifan farko, dalma ta wuce ta kowa. Na yi tsalle ina ihu, sai na ga alƙali ya ɗaga jar tuta. Ko awo ba su yi ba. Na biyu ma haka. Na tsallake igiya na same shi, na ce ko don daga Zuru muka zo ne. Mutumin bai ko ɗaga murya ba. Ya ce yarinyar tana da ƙarfin da bai gani ba a ranar, amma ko waye ya koya mata ya cuce ta. Na ce ni ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in koma bayan igiya.

Saura jifa ɗaya. Ta maƙala dalma a wuya yadda malam ya koya mata, amma wata biyu hannu ya saba da nawa. Tana juyawa hannun ya zame baya da kansa. Jar tuta.

Muka kamo hanyar gida. Da muka sauka a tasha ta ce, “Yaya, ka mayar wa Inna dutsenta.”

Shekara guda ta yi tana noma. Ashe duk Asabar tana zuwa wajen malamin nan, ya kwance abin da na ɗaura. Da zaɓe ya zagayo ta roƙi mahaifinmu, ya bar ta ta tafi, da sharaɗin kada a gaya mini. A bakin wani mai mashin na ji an ɗauke ta. Daga baya ta haɗa da ɗaga ƙarfe, ta samu kakinta, ta zaga garuruwan da ni sai a rediyo.

Har yau abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Jifana ya fi nisa, kowa ya gani, amma ba a rubuta shi ko'ina ba, shekarar da ta yi da fartanya kuma ni na ci mata. Yanzu in na ji mutum ya ce “ai ƙarfi ne kawai”, tashi nake in bar wurin.

In ta zo hutu da abokan aikinta, takan nuna ni ta ce ga kocinta na farko, ƙwararre a kan birai. Su yi dariya, ni ma in buɗe haƙora. Dutsen yana nan a tsakar gida, matata ke niƙa barkono da shi. Ta hana ni taɓawa.